Taku Talatin da Uku

Ranar Alhamis, ana shirin kiran la'asar, wata mata mai yankar wa awakinta ciyawa ta shiga kangon Hajiya Safiyya da ke bayan Katabu. Ta leƙa ramin salgar da aka haƙa ba a rufe ba, ta kurma ihu. Ɗahiru dillalin gidaje ne kwance a ƙasan ramin, kansa a kan tulin bulo, hularsa tana yawo a kan ruwan da ya taru. Babur ɗinsa yana jingine a bakin ƙofa, makulli a jiki.

Kafin a fito da gawar, unguwa ta riga ta yanke hukunci. Malam Sharhabil mai makarantar allo ne. Shi ke cinikin kangon don ya mai da makarantarsa ciki, kuma ranar Talata, a ƙofar masallaci, kowa ya ji lokacin da ya nuna Ɗahiru da yatsa ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai." Da safiyar Alhamis ɗin kuma an gan su sun shiga kangon tare. Me ake jira? Samari suka nufi rumfar makarantar da duwatsu. Da ƙyar mai unguwa ya zare Malam daga hannunsu, ya miƙa shi ga 'yan sanda da rawani a warware.

Mai unguwa dai bai gamsu ba, don haka ya aika a kira masa Labaran.

Labaran ya haura sittin. Shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun sata a daji, har gwiwa ta ce ta gaji, ya dawo bakin titin Zariya yana sayar da igiya da tabarmi. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai yawan kallon ƙasa, har ana tsokanarsa wai ko kuɗinsa ne suka faɗi. Ba ya ƙaunar dillalai ko kaɗan, tun da wani ya sayar masa da fili da rani, damina ta zo ya tarar da kwaɗi sun riga shi tarewa.

"Baba Labaran," in ji mai unguwa, "ranar Litinin za su kai shi kotu. In ya shiga can da wannan suna, ko an sake shi ba zai ƙara zama a garin nan ba. Duba mana ƙasa."

Labaran ya duba sama tukuna. Hadari ya yi gangami a gabas, baƙi ƙirin, ya tsaya cak kamar yana jiran umarni.

A bakin ramin babu abin karantawa, 'yan kallo sun tattake wurin kamar masussuka. Ya bar su da salatinsu ya zaga bayan gini, inda jar ƙasa take da laushi, ba wanda ya bi. Nan ya durƙusa.

Sawu iri biyu ne. Na farko na silifas, ya tsaya wuri ɗaya yana fuskantar gabas, kuma duk ɗigon yayyafi ya huda shi. An yi ruwa da safe, ya ɗauke kafin azahar, ke nan mai silifas ya zo tun ana yayyafi. Na biyu na takalmin roba ne, irin wanda rabin maza ke sawa da damina. Bakinsa tsaf, ko ɗigo ɗaya babu a ciki. Wannan bayan ruwa ya zo.

Abin da ya ɗaure wa Labaran kai shi ne tafiyar. Mai takalmin roba ya bi jikin katanga daga kusurwa zuwa kusurwa da dogon taku, duk tsawonsu ɗaya. Labaran ya ƙirga talatin da uku. A taku na goma mutumin ya ja layi da diddige. Haka a na ashirin, haka a na talatin. Daga kusurwa ta ƙarshe sawun ya karkata ya nufi rami.

Ya janyo tsofaffin fallayen kwano uku da magina suka yar, ya ɗora su a kan bulo, ya rufe layukan uku da sawun da ke kusa da su. Bai gaya wa kowa abin da ya rufe ba.

* * *

Da safiyar Juma'a Sufeton 'yan sanda ya bar Labaran ya ga Malam Sharhabil. Malam yana zaune a ƙasa, gefen goshinsa a kumbure.

"Allah gafarta Malam, me ya haɗa ku?"

"Takarda," in ji Malam. "Labaran, shekara huɗu iyayen yara suna tara kuɗin nan, na haɗa da gonar gadona. Miliyan goma sha biyu aka ce gidan, na ce na ji. Sai yaron nan ya zo min da takarda wai in sa hannu zan ba shi la'ada biyar bisa ɗari daga aljihuna. Dubu ɗari shida! Tun da nake ban taɓa jin mai saye ya sa hannu a kan la'ada ba. Wai sabon tsari ne. In biya gida, in biya wanda ya nuna min ƙofar gida?"

"Jiya fa?"

"Ya zo ya ba ni haƙuri, ya ɗauke ni mu sake dubawa. Na tsaya a baya na duba alƙibla, don in san inda yara za su yi sahu. Ya ce kada in ba kowa ko sisi sai bayan Juma'a. Na ce me ya sa, ya ce in dai yi haƙuri. Na ɗauka wani salon ne na dillalai. Ya sauke ni bakin titi ana yayyafi, ya ce akwai wanda zai koma ya gani bayan azahar."

"Wa?"

"Bai faɗa ba."

"Wa ya gan ka bayan nan?"

Malam ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Alhamis ce, babu karatu. Iyalina sun tafi suna. Ni kaɗai ne da Ubangijina."

Labaran ya kalli silifas ɗin Malam da ke ajiye a bakin kanta. Su ne suka tsaya suna kallon gabas. Tausayi ya kama shi, amma bai nuna ba. Tausayi ba ya fitar da mutum daga hannun hukuma.

* * *

Rumfar dillalai tana bakin titi, da benci uku da allon da aka rubuta filaye da gidaje. Alhaji Balarabe, shugabansu, ya tarbe shi da idanu jajur. Gajere ne mai tumbi, mai taushin murya, shi ya biya kuɗin likkafani da safen nan.

"Yaron nan ɗana ne, Baba Labaran. A hannuna ya koyi sana'a."

"Wane tsari ne wannan da ya jawo rigima?"

Alhaji ya gyara zama. "Da, mai saye ba ya ganin la'ada. Tana cikin farashi. Dillalin mai gida ya karɓa, ya raba da dillalin mai saye, a sallami 'yan kayi-nayi da suka sa baki. Mai saye yana ganin kamar kyauta aka yi masa aiki. To marigayi ya kawo shawara a taronmu cewa kowa ya biya nasa dillalin, a rubuce, tun kafin a nuna gida. Ranar biya kuma mai gida da mai saye su zauna tabarma ɗaya, a faɗi farashi kowa ya ji. Ni na fara ɗaga hannu."

"Kai ne dillalin Hajiya a kangon nan?"

"Ni ne. Amma rabona da taka wurin tun kafin azumi. Ɗahiru ke kai masu saye."

Wani dogo da ke kwance a bencin baya ya tsoma baki. Auwal ke nan, dillali shi ma, wanda bakinsa ba shi da linzami.

"Allah ya ji ƙansa, amma ya zuba mana ƙasa a abinci. Masu saye suna jin takarda sai su gudu. Wata uku ban ci la'adar kirki ba. Na faɗa a gaban idonsa, na ce wata rana sai wani ya karya shi."

Labaran ya kalli ƙafafun Auwal, zara-zara kamar na zalɓe, ga takalmin roba irin na kangon. 

"Ina kake jiya bayan azahar?"

"Mando. Na kai wasu ganin gida."

"Su wa?"

"Oho. Sun biya kuɗin gani, sun tafi."

Da Auwal ya tashi zai tsallaka titi, Labaran ya bi shi a baya kamar mai neman canji. Ya duba inda ya taka a gefen kwalta. Takun dogo ne, amma sakakke, wani ya fi wani, yatsu suna kallon waje. Na kangon kuwa miƙe yake sambal, diddigen ya nutse da ƙarfi. Ba shi ba ne, ko kuma dai ba haka yake tafiya ba. Labaran ya ji haushin kansa, don har ya fara murna.

* * *

Bayan an sauko Juma'a ya hau mota zuwa Unguwar Sarki. Hajiya Safiyya tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati ce. Da kuɗin sallamarta ta fara ginin, ciwon sukari ya cinye sauran, shi ya sa take sayarwa. Ta karɓe shi a falo da tabarau a kan hanci.

"Ban san shi ba, Baba. Sau ɗaya ya kira ni, ranar Laraba. Ya ce a wajen maigadin layi ya samu lambata, ya san ba a tsallake dillalin mai gida, in yafe masa. Ya tambaye ni nawa na sa wa gidan."

"Kika ce?"

"Miliyan tara. Abin da Alhaji Balarabe ya ce kasuwa ta ba da ke nan."

"Daga nan fa?" in ji Labaran.

"Sai ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can ya ce don Allah in zo yau da yamma in ga mai saye ido da ido. Ni kuma ban san shi ba, duniya ta lalace. Sai na kira Alhaji na ce wane ne wannan Ɗahirun." Ta cire tabarau. "Na yi kuskure ne?"

"Hajiya, ba ki yi komai ba sai abin da kowa zai yi. Amma gobe da hantsi ina roƙon ki zo Katabu. Kuma akwai wata 'yar magana da nake so ki faɗa."

A hanyar dawowa motar ta tsaya a cunkoson Kawo. Labaran yana ta juya abin a ransa. Miliyan uku a tsakanin baki biyu dalili ne, amma dalili ba shaida ba ne. Kuma Alhaji gajere ne, ina shi ina wancan taku? Yana cikin haka ya hango wani mutum a wani fili gefen hanya, ya tattare riga, yana buɗa ƙafa iya ƙarfinsa, yana tafiya yana motsa baki, wasu biyu suna kallonsa. Awo yake yi.

Labaran ya dafe goshi. Shekara talatin yana bin shanu da ɓarayinsu, kuma ɓarawon shanu ba ya auna daji. Shi ya sa ya karanta sawun a matsayin na dogon mutum. Ashe na mai awo ne. Taku talatin da uku, ƙafa ɗari ke nan, tsawon fuloti. Mai saye in ya shiga gida ɗakuna yake leƙawa, malami alƙibla yake nema. Dillali kaɗai ne in aka bar shi yana jira a fili, ƙafarsa za ta fara aiki ba da saninsa ba.

Ya leƙa ta taga. Hadarin yana nan, ya ƙara duhu. "Ka ƙara min kwana ɗaya," ya faɗa a ransa.

* * *

Asabar da hantsi gari ya yi lumshi, iska ta tsaya cak. Mai unguwa ya hana 'yan kallo wuce ƙofa. A cikin kangon akwai Sufeto da Malam Sharhabil da ankwa a hannu, da Hajiya Safiyya, da Auwal, da Alhaji Balarabe cikin farar shadda da takalmin fata.

Hajiya ta yi yadda aka roƙe ta. "Kafin komai, an ce min filin nan bai cika ɗari ba, wai maƙwabci ya ci min ta baya. Ina so in sani."

"Bari in ɗauko tef a babur," in ji Auwal.

Alhaji ya yi dariya. "Yaran zamani. Tef! Hajiya, shekara ashirin da biyar ƙafar nan tana awo a garin nan, ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Ku biyo ni."

Suka zaga baya. Ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya kafa diddige a kusurwa, ya bi gefen tsofaffin fallayen da ke jere jikin katanga ba tare da ya ko kalle su ba. Gajeren mutum ya buɗa ƙafa, sai ga taku ya zama na dogo.

A na goma ya ja layi da diddige, daidai gefen falle na farko.

A na ashirin ya sake ja, daidai gefen na biyu.

A na talatin diddigen ya karta ƙasa a gefen na uku. Alhaji ya ƙara uku ya dafa katanga.

"Talatin da uku. Ɗari cif, Hajiya. Wanda ya gaya miki ƙarya yake."

"Alhaji," in ji Labaran a hankali, "ka ce rabonka da nan tun kafin azumi?"

"Haka na ce."

Labaran ya sunkuya ya ɗaga falle na farko, ya jingine. Ya ɗaga na biyu, ya ɗaga na uku. A ƙarƙashin kowanne ga tsohon layi kwance kusa da sabo, tsawonsu ɗaya, duk sun karkata hagu, kamar hannu ɗaya ya rubuta su.

"Yallaɓai Sufeto, duba nan. Wannan sawun Malam ne, ka ga yadda yayyafi ya huda shi. Wannan kuwa babu ɗigo ko ɗaya. Ruwa ya ɗauke ranar Alhamis kafin azahar, bai sake sauka ba har yanzu. Wanda ya ja layukan nan bayan azahar ɗin Alhamis ya ja su, yana jiran wani. Takalmi ana canza shi. Hali ba a cire shi a bakin ƙofa."

"Dillali nawa ke awo da ƙafa a garin nan?" in ji Alhaji. Muryar tana nan da taushinta, amma gumi ya tsattsafo masa a hanci.

"Da yawa," in ji Auwal, ya ja da baya kaɗan. "Amma kai kaɗai ke jan layi a goma. Har kwaikwayonka muke yi a rumfa."

Labaran ya juya. "Hajiya, nawa kika sa wa gidanki?"

"Miliyan tara."

"Allah gafarta Malam, nawa aka ce maka?"

Da ƙyar Malam ya ce, "Sha biyu."

Can nesa aka yi tsawa. Mai gida da mai saye sun ji bakin juna, abin da Ɗahiru ya so a yi ke nan tun jiya.

Alhaji ya zame ya zauna a kan bulo, farar shaddar ta sha jar ƙasa.

"Ni na kira shi," ya ce. "Na ce ya ɗauki miliyan ɗaya ya yi shiru. Ya ce ba zai tona ni ba, in je in gaya wa Malam Hajiya ta yi ragi, shi ke nan, asirina a rufe. Ni zai koya wa sana'a? Ukun nan na riga na yi alkawarinsu. Ya juya zai tafi, na riƙo rigarsa, ya fizge." Ya kalli tafin hannunsa. "Turawa kawai na yi. Wallahi turawa kawai."

"Ka leƙa ka ga ko yana numfashi?" in ji mai unguwa.

Alhaji ya sunkuyar da kai. Sufeto ya kwance ankwar daga hannun Malam ya mai da ita inda ta dace.

Mutanen da ke ƙofa, waɗanda shekaranjiya suka ɗebi duwatsu, suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da uzuri. Malam Sharhabil bai kula su ba. Yana tsaye yana murza wuyan hannunsa, idonsa a kan ramin.

"Yallaɓai," ya ce wa Sufeto, "takardar nan da ya so in sa hannu, tana jikinsa?"

Sufeto ya zaro ta daga cikin fayil. Ta jiƙe ta bushe, tawadar ta bazu, amma ana karantawa. Inda aka rubuta sha biyu, Ɗahiru ya soke da biro ya sa tara. Inda aka rubuta la'adarsa dubu ɗari shida, ya soke ya sa dubu ɗari huɗu da hamsin. Gurbin sa hannun Malam yana nan fari.

Malam ya daɗe yana kallonta. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa, bai share ba.

"Na yi masa Allah ya isa a ƙofar masallaci," ya ce. "A gaban mutane. Shi kuwa yana can yana rage wa kansa."

Kunya ce ta kama Labaran shi ma, don shekara da shekaru yana zagin dillalai a dunƙule, bai taɓa ware ko ɗaya ba.

"Ara min biro," in ji Malam.

Ya ɗora takardar a kan katanga ya sa hannu. Ya miƙa wa mai unguwa. "A kai wa matarsa. Ranar da na biya Hajiya, ranar zan biya wannan. Haƙƙinsa ne, ba sadaka ba."

Ɗigon farko ya faɗi a kan fallen kwano, sai na biyu. Kafin su kai ƙofa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Labaran ya waiwaya ya ga layukan shida suna narkewa cikin jar ƙasa. Kowa ya ruga neman mafaka, ban da Malam Sharhabil, wanda ya tsaya a tsakiyar hanya, jiƙe sharkaf.

"Labaran," ya ce, "ina tsare aka kai shi. Zo ka nuna min kabarin."